Kuɗin Tsaro: Za A Iya Bin Diddiginsu Ba Tare Da An Tona Sirrin Yaƙi Ba?

Tambaya: "Malam, assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gusau. Ƙanena soja ne, shekararsa ta huɗu ke nan a fagen daga a arewa maso gabas. Kowace shekara muna jin an ware wa tsaro tiriliyoyin naira, amma in ya kira waya sai ya ce alawus ya maƙale, takalmin da ke ƙafarsa ma da kuɗinsa ya saya. In mutum ya yi magana sai a ce masa harkar tsaro sirri ce. Don Allah akwai hanyar da za a san inda kuɗin nan ke shiga ba tare da an tona wa sojojinmu asiri wajen abokan gaba ba? Ko haka za mu zuba ido?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare ƙanen naka da abokan aikinsa, ya mayar da su gida lafiya. Ɗan'uwa, na yi shekaru masu yawa ina aikin binciken kuɗin gwamnati kafin in ajiye aiki, kuma cikin wuraren da aka riƙa tura mu har da hukumomi masu kaki. Tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. In na fahimce ka, abu biyu ka haɗa: ta ina kuɗin ke zurarewa kafin su kai ga wanda ke kwance cikin rami da bindiga, sannan wannan kalma ta "sirri" da ake toshe bakin mutane da ita, hujja ce ta gaskiya ko mafaka ce.

Zan fara da ta biyun, domin a kanta komai ya ginu. Sirri daban, rashin lissafi daban. Banki ba ya gaya wa maƙwabcinka nawa ke cikin asusunka, amma duk sisin da ya shiga ko ya fita a rubuce yake, kuma akwai masu zuwa daga waje su duba littafin. Abin da sirrin tsaro ke buƙata shi ne a rage yawan idanun da za su ga takarda. Takardar kuwa dole ta kasance, kuma dole a samu ido ko da ɗaya, wanda ba ya ƙarƙashin mai kashe kuɗin, ya gan ta, ya kuma je ya ga kayan da ta ce an saya. To akwai hanya, kuma ba sabuwa ba ce.

Kafin mu yi nisa, a yi adalci kan adadin da kake ji. A kasafin da Shugaba Tinubu ya gabatar na 2024 an ware wa tsaro naira tiriliyan 3.25, a na 2025 kuma tiriliyan 4.91. Kuɗin ba na sojoji kaɗai ba ne, har da 'yan sanda da sauran hukumomi, kuma kaso mafi tsoka albashi ne. Manyan makamai kuwa da dala ake sayensu. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa 2024 ta haura 1,500. Naira za ta iya ninkawa a takarda harsashi bai ƙaru ba. Sannan abin da aka rubuta a kasafi ba lallai shi baitulmali ya saki ba. Na kawo wannan ne don kada mu ce duk abin da ƙanenka ya rasa sace shi aka yi. Amma wani ɓangaren sata ne, kuma hanyoyinta sanannu ne.

Kuɗin da ba su bi ta ƙofar gida ba

Sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin tarayya su shiga asusu guda, kuma kada a fitar da su sai da izinin dokar kasafi. Hikimar ita ce duk abin da ya bi ta kasafi yana da suna, yana da adadi, yana da wanda za a tambaya. Mafi munin ɓarnar da aka yi a harkar makamai a Najeriya ba ta wannan ƙofar ta bi ba, ta bi ta abin da ake kira kuɗin ɗauki na musamman, wato kuɗin da ake fitarwa ba tare da sun bi ta kasafi ba.

Ka tuna Satumbar 2014, lokacin da hukumomin Afirka ta Kudu suka ƙwace tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a wani jirgi mai zaman kansa da ya sauka a filin Lanseriya kusa da Johannesburg, aka ce na sayen makamai ne. Ƙasa guda ta aika sayen makami da kuɗi a jaka, kamar mai zuwa kara sayen shanu. A Agustan 2015 Shugaba Buhari ya kafa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007. Rahotonsa na wucin gadi a watan Nuwamba ya lissafa kuɗin ɗauki na wajen kasafi da suka haura naira biliyan 643 da dala biliyan 2.1, ya kuma yi zargin an ba da kwangilar jiragen yaƙi ƙirar Alpha guda 4 da masu saukar ungulu 12 da bama-bamai amma ba a kawo su ba. Daga nan aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, wanda ya musanta zargin.

Abin da ba na mantawa shi ne abin da ke faruwa a ƙasa a daidai wannan lokacin. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, alhali hujjarsu ita ce ba a ba su kayan da za su tunkari abokan gaba ba. Shekara guda bayan haka aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10. Duk lokacin da wani ya ce mini maganar lissafin kuɗin soja surutun 'yan boko ne, waɗannan samarin nake tunawa.

Kwatanta wannan da cinikin jiragen yaƙi ƙirar Super Tucano. A Disambar 2017 gwamnoni suka amince a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar ɗanyen mai don yaƙi da Boko Haram, aka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 496 kuɗin jirage 12. An yi kuskure a tsarin, domin sai da aka biya sannan shugaban ƙasa ya rubuta wa majalisa a Afrilun 2018, kuma ƙurar da ta tashi tana da hujja. Amma cinikin gwamnati da gwamnati ne, babu dillali, an san farashi, an san adadi, kuma a 2021 jiragen suka iso, kowa zai iya ƙirga su. Kowa a duniya ya san mun sayi jiragen nan, sanin bai hana su tashi ba.

Sai kuma kuɗin tsaron da gwamnoni da wasu manyan jami'ai ke karɓa, wanda a 2018 ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International ta ƙiyasta ya kai dala miliyan 670 a shekara. Ana kashe shi yadda mai riƙe da shi ya ga dama, yawanci da tsaba, babu mai dubawa. Na san akwai gwamnonin da ke sayen man sintiri da shi, su biya alawus ɗin jami'an da aka turo jiharsu. To in haka ne, rubuta shi ba zai cutar da su ba. Gyaran farko ke nan, kuma ba ya cin ko kwabo: duk kuɗin tsaro, ko daga ina ya fito, ya bi ta kasafi ko ƙwarya-ƙwaryar kasafi. In gaggawa ta taso a kashe, amma a kai wa majalisa bayani cikin ƙayyadadden lokaci.

Dillalai da kwangilar da babu gasa

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tilasta tallata kwangila da gasa tsakanin 'yan kasuwa, amma sashe na 15(2) ya keɓe kayan musamman da suka shafi tsaron ƙasa, sai in shugaban ƙasa ya ba da izini. Keɓewar tana da ma'ana in ana maganar na'urar leƙen asiri. Matsalar ita ce ba a zana iyakarta ba, sai ta zama babbar riga da ke rufe shinkafa da katifa da fentin bariki. Kuma inda babu gasa, nan dillali ke shiga: kamfanin da aka yi wa rajista jiya, bai taɓa ƙera ko allura ba, shi ne zai tsaya tsakanin ƙasa da masana'anta ya ɗora la'adarsa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana wannan. A Disambar 2019 aka kashe musu sojoji 71 a Inates, wata guda bayan haka aka kashe 89 a Shinagodar. Ba a jima ba binciken sufeto janar na rundunonin ƙasar kan kwangilolin ma'aikatar tsaro na 2017 zuwa 2019 ya fito da asarar da ta kai sefa biliyan 76: wajen biliyan 48 aringizon farashi, wajen biliyan 28 kayan da aka biya ba a kawo ba. Mutane suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris 2020, mutum uku suka rasu, aka tsare shugabannin ƙungiyoyin farar hula. Lura da rabe-raben asarar nan. Tambaya biyu ce kawai ke tona su, nawa masana'anta ke sayarwa, kuma kayan sun iso? Kuma masu kaki ne suka yi binciken, ba wani baƙo ba. A cikin kowace runduna akwai hafsoshin da wannan ɓarna ke ƙona wa rai fiye da ni da kai.

Maganin dillali shi ne a sayi manyan makamai kai tsaye daga mai ƙerawa ko daga gwamnatin ƙasarsa, kuma duk kamfanin da zai karɓi kwangilar tsaro ya bayyana ainihin masu shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta riga ta tanadi haka, an kuma buɗe rajistar a 2023. Saura a riƙa duba sunayen a gwada da na hafsoshi da iyalansu kafin a sa hannu.

Inda takalmin ƙanenka ya ɓace

Yanzu mu zo ga abin da ya fi kusa da tambayarka. Jirgin yaƙi da tankar yaƙi su ke cika jarida, amma abin da soja ke ji a jikinsa kullum shi ne abinci, man fetur, taya, magani, kaki, alawus. A nan ake tsiyayar kuɗi kaɗan-kaɗan kowane wata, kuma a nan ne na fi sanin aikin.

Wata shekara aka tura mu wata hukuma mai kaki. Na ɗauki fayil ɗin sayen tayoyin mota. Ban taɓa ganin takardu masu tsafta irin waɗannan ba: takardar oda, takardar neman biya, shaidar karɓar kaya a sito, kowace da hatimi da sa hannu. Na ce a kai ni siton. Aka ce makulli na hannun wanda ya yi tafiya. Na jira kwana uku. Da aka buɗe, abin da ke ciki bai kai rubu'in abin da ke takarda ba. Aka ce ai an raba sauran, ga littafi. Na kwafi lambobin motocin da aka ce an sa wa tayoyin, na zaga bayan gareji, na tarar da da yawansu a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Mai kula da siton ƙaramin ma'aikaci ne. Da muka keɓe ya ce mini, "Yallaɓai, ni takarda aka kawo mini aka ce in sa hannu." Na yarda da shi a ranar, kuma har yau na yarda da shi.

Wannan maganar tasa ita ce cibiyar matsalar. A ma'aikatar farar hula akanta zai iya ƙin sa hannu, iyakarta a yi masa canjin wurin aiki. A gidan kaki ƙin sa hannu ƙin bin umarni ne. Biyayyar da ke sa soja ya tunkari wuta in an ce ya tunkara, ita ce ke sa ya buga hatimi in an ce ya buga. Babu mai hankalin da zai so a raunana biyayyar nan, saboda haka sai a cire aikin kuɗi daga ƙarƙashinta. Jami'in kuɗi da mai binciken cikin gida na kowace runduna, kada kwamandan da suke duba wa littafi ya zama shi ke rubuta rahoton ƙarin girmansu ko ya yanke inda za a tura su. Rahotonsu ya tafi kai tsaye ga babban sakataren ma'aikatar tsaro da ofishin babban mai binciken kuɗi. Kuma wanda ya ba da oda, da wanda ya karɓi kaya, da wanda ya biya, su zama mutum uku da ba sa ƙarƙashin juna. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai bataliyar da aka saya wa kayan ta shaida sun iso hannunta, ba hedkwata ba. Ba a ba kura ajiyar nama, sannan a ce ita za ta rubuta rahoton ko ya cika.

Sai maganar tsaba. A Yulin 2019 wasu sojoji da aka ɗora wa rakiyar miliyoyin naira daga Sakkwato suka gudu da kuɗin a hanya. Tambayar da mai bincike zai fara yi ita ce me ya sa kuɗin gwamnati masu yawa haka ke tafiya a mota, shekara huɗu bayan an tilasta wa hukumomin tarayya ajiye kuɗinsu a asusun bai-ɗaya na gwamnati a 2015? Duk alawus ɗin da ya bi ta hannu, kowane hannu yana iya gutsura. A biya kowane soja kai tsaye cikin asusunsa mai lambar BVN, a kuma ba shi takardar da ke nuna abin da ya cancanta a wata da abin da aka biya. Za a ce babu banki a daji. Gaskiya ne, amma yawancin kuɗin iyalinsa ne ke jira a gida, kuma ɗan abin da yake buƙata a hannu ana iya ƙayyade shi a biya da sa hannunsa.

Ga lissafi mai sauƙi don ka ga girman abin. A 2025 rundunar sojan ƙasa ta ƙara kuɗin abincin soja na rana daga naira 1,500 zuwa 3,000. A ce bataliya tana da mutum 700 a takarda, kuɗin abincinta na wata naira miliyan 63 ke nan. In sunaye 100 na waɗanda suka rasu ne, ko suka gudu, ko ba a taɓa haihuwarsu ba, miliyan 9 na shiga aljihu kowane wata daga abinci kawai. Asarar kuɗin ma ita ce ƙarama. Hedkwata tana tsara yaƙi a kan mutum 700 alhali 600 ne a ramin. Iraƙi ta ga wannan: bayan birnin Mosul ya faɗa hannun mayaƙan ISIS a Yunin 2014, Firaminista Haidar al-Abadi ya sanar a watan Nuwamba cewa an gano sojojin bogi 50,000 a jerin masu karɓar albashi.

Rajistar makamai ma haka. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya ba da bayanin inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Wasu an ƙwace su a hari, wasu rashin kyakkyawan rubutu ne. Amma kai da ke zaune a Zamfara ba sai an gaya maka abin da bindiga guda ke yi in ta fita daga ma'ajiya ba a rubuta ba. Kowace bindiga tana da lamba. Ƙirga su a gwada da littafi aiki ne na haƙuri, ba na fasaha ba.

Mene ne sirrin na gaskiya?

Akwai shi, kuma ba na wasa da shi. Inda runduna za ta kai farmaki da yaushe, yawan harsashin da ya rage a wani sansani, sunan mai kawo bayanai daga cikin daji, ƙarfin wata na'ura da iyakarta: duk wanda ya fallasa waɗannan ya sa rai a haɗari. Amma farashin buhun shinkafa, da litar man dizal, da kuɗin gina ɗakin kwana a bariki, me ɗan Boko Haram zai ƙaru da shi?

Koriya ta Kudu, wadda har yau ba ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da maƙwabciyarta ta arewa ba, ta raba kasafin sojanta gida uku: wanda majalisa duka ke gani a dunƙule, wanda kwamitin tsaro ke gani dalla-dalla, da wanda kwamitin ke gani ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa. Ko mafi sirrin ciki akwai wakilin jama'a da ke ganinsa. Yukiren kuwa tana tsakiyar yaƙi da Rasha a Janairun 2023 wani ɗan jarida ya fallasa kwangilar abincin sojoji da aka sa ƙwai ɗaya a kan kuɗin ƙasar 17 alhali a kanti yana wajen 7. Mataimakin ministan tsaro ya sauka, majalisa ta yi dokar da ta tilasta bayyana farashin kayan soja da ba makami ba. Ba a ji yaƙinsu ya lalace don an san kuɗin ƙwai ba. A nan gida ma, a ƙwarya-ƙwaryar kasafin Nuwambar 2023 an ga naira biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙarƙashin rundunar sojan ruwa, jama'a suka yi ca, majalisa ta cire shi. An gan shi ne don an rubuta shi a fili da sunansa. Da a dunƙule yake cikin "ayyuka na musamman" da babu wanda ya ji labarinsa.

Ko kuɗin masu kawo bayanan sirri ana iya lissafa su. A ba kowane mutum lamba maimakon suna, jami'i biyu su shaida biya, mai bincike guda da aka tantance aka rantsar ya duba littafin a ɗaki a rufe. Ba zai fita da suna ba, zai fita da hukunci: lissafi ya daidaita ko bai daidaita ba.

Masu tsaron ƙofar su ma suna buƙatar gyara

Sashe na 85 na kundin tsarin mulki ya ba babban mai binciken kuɗi ikon duba asusun tarayya, sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike. A takarda ba mu rasa komai ba. A aikace ofishin binciken ya shafe shekaru yana dogara da dokar 1956 ta zamanin Turawa. Majalisa ta zartar da ƙudurin sabuwar doka a zamanin Buhari, ba a sa masa hannu ba. Ofishin yana jiran kuɗin aikinsa daga ɓangaren da zai bincika, kuma rahoto kan zo a makare. Wancan na 2019 da na ambata sai a 2021 ya isa majalisa. Kafin nan kwamanda ya yi ritaya, ɗan kwangila ya rufe kamfani ya buɗe wani.

Kwamitocin tsaro na majalisa kuma, in rundunar da za su duba ita ce ta ɗauke su a jirginta, ta sauke su a masaukinta, ta nuna musu abin da ta zaɓa, ziyara suka yi, ba bincike ba. Suna buƙatar ƙwararrun ma'aikata nasu da suka san farashin kaya, da tsarin zaman sirri mai hukunci ga wanda ya fallasa, domin hafsoshi su daina samun hujjar ƙin kawo takardu.

A Maris 2021 Manjo Janar Babagana Monguno, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, ya gaya wa sashen Hausa na BBC cewa sababbin manyan hafsoshin tsaro ba su ga kuɗin makaman da aka ware ba, ba su ga makaman ba. Daga baya ofishinsa ya ce ba a fahimci maganarsa daidai ba. Ba na buƙatar sanin wanda ya fi gaskiya kafin in ga ciwon. In akwai rajista guda ta abin da aka biya da abin da aka karɓa, wadda hafsa mai barin gado zai miƙa wa mai jiran gado a gaban mai bincike, irin wannan taƙaddama a yini ɗaya za a kashe ta.

Iyakar abin da lissafi zai iya

Ba zan yaudare ka ba, ɗan'uwa. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fara cikakken binciken asusunta a 2018, kuma shekara bayan shekara ta kasa samun shaidar tsaftar lissafi. Aikin yana da wuya ko ga mai kuɗi da kayan aiki. Sannan mai bincike irina zai iya gaya maka an sayi mota mai sulke, ta iso, farashinta daidai ne, amma ko ita ce ta dace da yashin Tafkin Chadi ko dajin Sambisa, wannan hukuncin soja ne, ba nawa ba. Akwai kuma haɗarin a cika sharuɗɗa har kwamandan da ke buƙatar mai a daren nan ya tsaya jiran sa hannu goma sha biyu. Shi ya sa nake goyon bayan a ba kwamandan fagen daga ƙayyadadden kuɗin gaggawa da ikon kashewa nan take, da sharaɗin kawo rasit cikin wata guda.

Babbar iyakar ita ce hukunci. Shari'ar Dasuki ta fara a 2015. An tsare shi shekara huɗu duk da belin da kotuna suka ba shi, har kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce a 2016, aka sake shi a Disambar 2019, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa. An zalunci wanda ake tuhuma da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, an zalunci jama'a da rashin hukunci. In bincike ya zama sandar dukan gwamnatin da ta shuɗe kawai, darasin da jami'i ke ɗauka shi ne ya tsaya kusa da mai mulki, ba ya tsaftace littafinsa ba. Binciken da ke gyara shi ne na kowace shekara, a kan kowa, tun masu kujerar suna kanta.

Game da ƙanenka, ka ba shi shawara ya riƙa ajiye saƙonnin banki, ya rubuta watan da aka biya da wanda ba a biya ba, ya kai kuka ta hanyar da dokar aikinsa ta tanada. Kada ya ɗauki bidiyo ya sa a intanet, domin dokar soja tana hukunta haka, kuma shi zai kwana a ciki. Kai ne farar hula, bakinka a sake yake. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wasiƙarka. Tana iya fakewa da tsaron ƙasa kan makami, amma zai yi mata wuya ta fake da shi kan kwangilar kaki da takalmi. Ku haɗu da wasu iyalan sojoji ku rubuta tare, ba tare da kun ambaci sunan kowane soja ko bataliyarsa ba. Ku aika kwafi ga ɗan majalisar tarayyarku da sanatanku, ku nemi su tambaya a zaman kare kasafi: takalmi nawa aka saya bara, a kan nawa, kuma wace runduna ce ta sa hannu ta karɓa. Ɗan majalisar jiharku kuma ku tambaye shi nawa aka rubuta wa kuɗin tsaron gwamna a kasafin bana, da kuma wanda ya duba na bara.